Motar Kawu da ke ƙin tashi da asuba, da yadda muka kamo bakin zaren

Motar ƙarama ce, ƙirar 1997, inji mai silinda 4, lita 1.3, mai injekta ce ba kafireta ba, kuma ta sha hanya don mitarta ta haura kilomita 240,000. Ta Kawu ce ƙanin mahaifiyata, ta daɗe a hannunsa kuma ba ya wasa da juyen bakin mai. Ciwonta ɗaya ne tak, idan ta kwana kuma gari ya waye da sanyi to sai an yi dambe da ita kafin ta tashi. Za ka murɗa makulli kik ya yi ta juyawa ya yi ta juyawa, can sai ta ɗan harba kamar za ta kama sai ta mutu, a sake, a sake, wani lokacin sai karo na shida ko na bakwai take kamawa tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, kuma ko ta kama sai ka riƙe mata totur na minti biyu ko uku in ba haka ba ta sake mutuwa. Amma da zarar ta ɗau zafi shi ke nan, wuni guda za ka yi kana kashewa kana kunnawa bugu ɗaya take tashi sai ka rantse ba ita ba ce.

Kafin maganar ta zo wajena an riga an canja batir, an canja fulogi huɗu, an canja filtar mai, an wanke nozul, har famfon mai na cikin tanki an cire an sa sabo. Duk ba ta canja zani ba. Na ƙarshe da aka gaya masa a gareji shi ne wai ringi ne, wato zoben fistan da ke riƙe matsi a cikin silinda, ya cinye sai an sauke inji, a nan ne hankalinsa ya tashi ya kira ni. Ni fa ba makanike ba ne, aikin wayarin lantarki nake yi kuma ina da mita, sai dai na ɗan jima ina taɓa motata da kaina. Tambayar farko da na yi masa ita ce ƙarfe nawa yake kai ta garejin. Ya ce ai sai ta tashi ya gama uzurinsa, wajen sha ɗaya ko azahar. Na ce Kawu to ai lafiyayyar mota kuke kai musu, mai ciwon tana nan da asuba babu wanda ya taɓa ganinta sai ku. Ya yi dariya ya ce kai ɗan nan ka cika tsari, na ce ku dai bar min ita ta kwana uku a wajena, kada kowa ya taɓa makullin sai ina tsaye.

Akwai wani abu da ya faɗa a wucewa wanda a lokacin ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Wai idan yana sauri yakan tafasa ruwa a buta ya kwarara a kan injin ta gefen da iska ke shiga, sai ta tashi da wuri. Na ce masa ya daina don ruwan zai iya gangarawa cikin distiributa ko soket ya ja wata sabuwar fitina, amma na riƙe maganar a raina.

Asubar farko na fito da fitila a goshi, na'urar auna zafi da na rataya a jikin madubi tana nuna digiri 12. Abin da nake so in fara rabewa shi ne, shin injin ne ba ya juyawa da ƙarfi, ko kuwa yana juyawa lafiya wuta ce ba ta kamawa, don mutane na haɗa biyun su ce "ta ƙi tashi" alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce ko kaɗan. Na ɗora mita a kan batir kafin a taɓa komai, 12.5V, lafiya lau tunda cikakken batir 12.6V yake nunawa, wanda ya sauka 12.2V kuwa ya kai rabi. Na sa ƙanina ya murɗa makulli ina kallo, ta sauka 10.4V, wannan ma ba laifi don abin tsoro shi ne ta faɗi ƙasa da 9.6V. Amma kunnena bai gamsu da ƙarar kik ɗin ba, yana da wata 'yar kasala. Sai na sa tsinken mita ɗaya a kan batir na nagetif, ɗayan a jikin ƙarfen injin, aka sake murɗawa, sai ga 0.7V. Ma'ana wutar da ya kamata ta isa kik tana zubewa a hanya, a wayar at, wato wayar da ta haɗa nagetif ɗin batir da jikin ƙarfen injin, wadda bai kamata ta ci fiye da 0.2V zuwa 0.3V ba. Da na kwance notin da ya ɗaure wayar a jikin giyabos sai ga wani farin gari da kore-kore ya cika wajen, ƙarfen ma ya yi baƙi. Na goge da sanfefa har ya yi ƙyalli, na shafa giris kaɗan na ɗaure tamau, na sake aunawa ta dawo 0.2V, kik ya koma juyawa da kuzari, a bugu na uku ta tashi.

Wallahi a ranar har na fara yi wa kaina kirari, saura kaɗan in kira Kawu in ce a zo a ɗauka. Abin da ya hana ni shi ne na tuna mun riga mun yi ta murɗa ta wajen sau biyar ina aune-aune kafin gyaran, ke nan ba tashin farko ba ne na gaskiya. Wannan shi ne abin haushi da irin wannan ciwon, gwaji ɗaya kake da shi a rana, in ka ɓata shi sai gobe, don ko ka kashe ta ka jira awa biyu injin bai huce ya koma yadda yake kwana ba.

Asuba ta biyu kuwa ta nuna min iyakata. Kik na juyawa fes amma ba ta kama ba. To yanzu an cire batir da kik daga lissafi, saura abu uku da kowane injin fetur ke buƙata, tartsatsin wuta, mai daidai gwargwado, da matsi a cikin silinda. Na zare wayar fulogi ɗaya na sa tsohon fulogi a bakinta na jingina shi da ƙarfen inji, aka murɗa, tartsatsi shuɗi mai ƙara tas tas tas, ke nan kwayil da distiributa ba su da laifi. Sai na kwance fulogi biyu daga cikin injin na duba bakinsu, a nan ne labari ya fara fitowa. Injin da aka yi daƙiƙa goma ana juyawa bai tashi ba, in mai yana isa yadda ya kamata za ka tarar da bakin fulogin a jiƙe yana warin fetur. Waɗannan a bushe suke ƙayau, da kyar ma kake jin ƙanshin mai. Jiƙaƙƙen fulogi yana cewa mai ya yi yawa ko wuta ba ta zuwa, busasshe yana cewa yunwa injin ke ji. Don in tabbatar na mayar da su, na cire tiyon iska na fesa abin wanke kafireta sau ɗaya, ɗan kaɗan, na mayar da tiyon, aka murɗa, bugu ɗaya ta tashi ta yi daƙiƙa uku ta mutu. Wannan gwajin a yi shi da hankali fa, fesawa ɗaya ta isa kuma kada fuska ta kasance kusa don wuta na iya dawowa ta baya.

Ke nan mai ne ba ya isa. Amma ai famfo sabo ne, filta sabuwa, nozul an wanke. Na san sabo ma yana iya zuwa da matsala shi ya sa ban yarda da shi haka nan ba. Akwai wani ciwo sananne da yake kama da wannan sosai, a cikin famfon akwai ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki idan an kashe mota, in ya lalace ko wata nozul tana ɗiga to cikin dare layin zai zama fanko, da safe sai famfo ya sake cika shi kafin ta tashi. Gwajinsa ba ya buƙatar komai, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka buga kik ba, za ka ji famfon ya yi zuuu na kamar daƙiƙa biyu, ka kashe, ka maimaita sau uku, sannan ka tayar. In ta tashi nan take to ka kama ɓarawon. Mun yi, ko gezau. Da rana na aro gejin auna matsin mai na ɗaura a layin, ina buɗe makulli allura ta hau bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), na kashe na bar ta rabin awa na dawo tana wajen 2.5, ke nan mai yana nan a bakin nozul yana jira da ƙarfinsa, ba a dai buɗe masa ƙofa yadda ya kamata ne.

Tunda gejin matsin silinda na tare da wanda na aro sai na ce bari in kashe maganar ringi gaba ɗaya. Inji da zafi, fulogi duk a waje, totur a buɗe: bar 11.5, 11, 11.5, 11 a silinda huɗun. Tsohon inji ne amma ba shi da abin kunya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, ba ya hayaƙi shuɗi, ba ya shan bakin mai. Babu dalilin sauke shi.

A daren ne maganar butar ruwan zafi ta dawo min. Fetur ba ya kamawa yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Inji mai zafi yana aiki da kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in an auna da nauyi, amma idan ƙarfe ya yi sanyi yawancin man da nozul ta fesa ba ya tashi, mannewa yake a bangon manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, da bayan bawul kamar raɓa, ɗan abin da ya zama tururi bai isa ya kama wuta ba. Maganin shi ne a zuba mai ninki-ninki a daƙiƙun farko don ko kaɗan ne ya tashi ya wadatar. A motocin kafireta cok ne ke wannan aikin, ka ja shi ya toshe iska mai ya yi yawa. A mai injekta babu cok, kwamfutar motar ce, wadda makanikai ke ce wa biren bos, take tsawaita lokacin da nozul ke zama a buɗe, ita kuma ba ta da fatar da za ta ji sanyi, abin da sensar zafin ruwa ta gaya mata shi take bi ido rufe. To in sensar ta ce mata inji da ɗumi alhali a daskare yake, za ta ba shi ɗan man da ake ba mai ɗumi. Ruwan zafin Kawu yana ɗumama manifol ne sai ɗan man nan ya samu ya zama tururi, wato yana mayar da ƙaryar sensar ta zama gaskiya na ɗan lokaci. Haka ma dogon murɗawa, man da ke taruwa a bango kaɗan-kaɗan ne yake kaiwa inda zai kama a karo na shida.

Za a ce to me ya sa fitilar cek, wadda ke kamawa a dashbod idan kwamfutar ta ga matsala a inji, ba ta kama ba. Kwamfutocin wancan zamanin ba su da wayon haka, suna kunna fitila ne idan waya ta tsinke ko ta haɗe, wato lamba ta fita daga iyaka gaba ɗaya. Sensar da ke cewa digiri 60 ba ta fita iyaka ba, 60 zafi ne da inji kan iya kasancewa a kai, kwamfutar ba ta san gari ya waye yanzu ba ne. Da mota ce mai soket ɗin OBD2 mai baki 16, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, da sai in saƙala na'ura da asuba in karanta zafin da kwamfutar ke gani in kwatanta da na gari, minti ɗaya an gama. Wannan ba ta da shi, sai mita.

Asuba ta uku, digiri 12 kuma. A nan na yi wani shirme da ya kamata in faɗa don na san wani ma zai yi. Na ga sensa a jikin kan silinda mai waya ɗaya na hau aunawa ina ta lissafi lambobin ba sa ba da ma'ana, ashe wannan ta allurar dashbod ce, ba ruwanta da kwamfuta. Shi ya sa ma allurar Kawu ke nuna daidai kullum har makanikai ke cewa ai sensa lafiyarta ƙalau. Ta kwamfutar tana can ƙasa kusa da gidan tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi), waya biyu gare ta, tiyon lagireto ya rufe ta sai ka cusa hannu. Da kyar na zare soket ɗin don robar ta bushe, na haska fitila sai ga kore a jikin ƙafafunta da wani siririn tsagu a robar kamar gashi. Irin wannan sensar turjiyarta ga wuta tana raguwa ne idan zafi ya ƙaru, a yawancin motocin wancan lokaci za ka samu wajen om 2,500 (om shi ne ma'aunin turjiya) a digiri 20, wajen 300 a digiri 80, a sanyi irin na wannan safiyar kuwa ya kamata ta wuce 3,000. Na ɗora mita, om 610. Na goge ƙafafun na sake, 605. Wannan lambar ta injin da ya kai wajen digiri 60 ce. Na duba ɓangaren soket ɗin da makulli a buɗe, 5V na zuwa daga kwamfuta yadda ya kamata, ke nan waya da kwamfuta ba su da laifi.

Duk da haka ban so in aika a sayo komai ba sai na gani da idona, kayan da aka saya a kan zato sun isa haka. Ina da resisto a akwatin aikina, wato ɗan kayan lantarki mai turjiyar da ba ta canjawa, na ɗauko mai om 3,300 na lanƙwasa ƙafafunsa na soka a bakin soket ɗin a madadin sensar, wato na gaya wa kwamfutar gaskiyar sanyin da ake ciki. Na ce wa ƙanina kada ƙafarka ta taɓa totur, murɗa kawai. Kik bai gama zagaye na biyu ba ta tashi, ta haura wajen juyi 1,400 a minti ta tsaya cak tana gurnani mai daɗi. Ƙanina ya leƙo ta taga yana cewa Yaya me ka yi mata, na ce kashe kashe, don ba a barin ta a haka. Da resisto a ciki kwamfutar za ta ɗauka inji bai taɓa ɗumi ba, ta yi ta ambaliyar mai, fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke bakin man da ke bangon silinda, a wasu motocin ma fankar lagireto ba za ta taɓa tashi ba tunda daga wannan sensar take karɓar umarni. Na gwaji ne kawai, na minti ɗaya.

Da aka kawo sabuwa na haɗa su biyun na yi musu gwajin ruwa, na rataya bakinsu a tukunya da ma'aunin zafi a ciki ina ɗumamawa a hankali. A ruwan sanyi sabuwar ta ba da sama da 3,000, tsohuwar 600 da 'yan kai. A digiri 80 sabuwar 320, tsohuwar wajen 220. Kun ga inda ta ɓuya ke nan, da zafi kuskurenta bai wuce ta ce 90 da ɗoriya a maimakon 80 ba, duka biyun a wajen kwamfuta inji ne mai zafi, ba abin da zai canja a tafiya, duk wanda ya auna ta da azahar zai ce ta wuce. A sanyi ne tazarar ke zama ninki biyar. Zatona ruwan lagireto ne ya bi ta tsagun nan ya shiga ciki ya buɗe wa wuta wata gajeriyar hanya a gefe, shi ya sa lambar ba ta iya hawa sama ko yaya sanyin yake.

Wajen sa sabuwar dole ruwa ya zuba, sai na ce tunda an jiƙe bari in buɗe gidan tamostat in gani, na buɗe na tarar da shi wayam, wani ya taɓa cire shi tun kafin motar ta zo hannun Kawu wataƙila don tsoron zafi. Ba shi ya hana ta tashi ba, amma inji marar tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kuma yanzu da sensa ta koma faɗin gaskiya kwamfutar za ta riƙa ganin sanyin tana ƙara mai tsawon hanya, da an gyara tashi an jawo shan mai. Na sa sabo mai buɗewa a digiri 82 irin wanda littafin motar ya ce, na cika ruwa, na bar ta tana aiki da murfin lagireto a buɗe da hita a kunne har kumfar iska ta daina fitowa fanka ta tashi sau biyu. Iskar nan in ta maƙale a kusa da sensar sai ta sake ba da lambar banza, kada a yi ganganci da ita.

Asuba ta huɗu na kira Kawu ya zo ya tayar da kansa. Ya zauna, kafin ya murɗa sai na ga ƙafarsa tana ta famfa totur sau uku sau huɗu, sabon da ya yi tun zamanin kafireta inda kowace takawa ke watsa ɗan mai a maƙogwaro. Na ce Kawu ku ɗage ƙafar, a wannan takawar ba ta zuba komai, in ma kuka danne shi ƙasa gaba ɗaya kuna murɗawa yawancin masu injekta yanke man suke yi don suna ɗauka inji ya sha mai ana so a busar da shi. Ya ɗage yana harara ta, ya murɗa, ta tashi. Sai dai bayan kamar minti ɗaya da silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, ya fara sauka sai ya faɗi ƙasa sosai har sitiyari na rawa kafin ya farfaɗo. Wannan kam bawul ɗin silo ne da ke jikin totur bodi, na kwance noti biyu na ciro shi baƙi ƙirin da kwalta, na wanke shi da bakin farantin totur ɗin har tsumma ya daina baƙi, washegari ta sauko daga 1,400 zuwa 800 a hankali ba tangarɗa.

Bakin man da ke ciki 20W-50 ne, na ce idan lokacin juye ya yi ya koma 10W-40 da littafin ya rubuta don lambar farkon nan ita ke nuna kaurinsa a sanyi, mai kauri yana sa kik wahala da safe. Ya ce sai ya yi shawara, wai tsohon inji sai mai kauri, ban ja da shi ba. Tsohon famfon man da aka cire masa yana nan a but cikin leda, na haɗa shi da batir a bokitin kananzir na ga yana harbawa da ƙarfinsa, na ce ya adana shi. Sensar mai tsagu kuma ya karɓe ta ya juya ta a tafin hannunsa ya fi sau biyar, bai fi tsawon babban yatsa ba, ya jefa ta a aljihun gaban mota ya ce zai kai wa mai cewa a sauke inji ya gani.